ABIN DA TSEREN KEKE YA KOYA MINI

 Da yawa daga cikinku kun san ni da keke, har wasu 'yan ajinmu suka laƙaba mini suna Ɗan Wudil, saboda kowace Asabar can nake dosa. Wasu kuma sun sha tambayata abin da ya same ni a 2024 da na yi mako shida ina ɗingishi. To, yau ga amsa. Na rubuta ta ne domin wanda yake sha'awar wannan wasa ya koya daga kurakuraina, kada ya bari sai gwiwarsa ta koya masa kamar yadda tawa ta koya mini.

Yadda na fara

Keken da na fara hawa tsohon Raleigh ne na mahaifina, irin mai kariya a baya da birkin ƙarfe. Da shi nake zuwa makaranta. A ƙarshen 2023, ina aji huɗu, wani kawuna ya ba ni keken tsere na hannu, mai lanƙwasasshen kai da siraran tayoyi da giya. Ranar da na kawo shi gida Baba ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Na yarda ka hau, amma da sharaɗi. Ran da na ga sakamakon jarrabawarka ya yi ƙasa, ran nan keken zai shiga ɗaki a kulle." Na ce na ji, na yarda.

Abin da ya ƙara mini sha'awa shi ne labarin da nake ji na manyan masu tsere. Tseren Faransa, watau Tour de France, an fara shi tun 1903, kuma ana yin mako uku ana fafatawa a kan fiye da kilomita 3,000. A 2024 wani ɗan Eritiriya, Biniam Girmay, ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zango a wannan tsere, har ya ci zango uku. A shekarar nan kuma Ese Ukpeseraye ta wakilci Nijeriya a tseren keke na wasannin Olamfik a birnin Faris. A nan kusa da mu, Burkina Faso tana da nata tseren, Tour du Faso, tun 1987, kuma a 2025 aka yi gasar duniya a Kigali ta ƙasar Ruwanda, karo na farko a nahiyar Afirka. Ni dai burina bai kai can ba tukuna. Abin da na sa a gaba shi ne in yi kilomita 40, watau kimanin nisan Kano zuwa Wudil, cikin awa ɗaya da minti 20, in sami shiga cikin waɗanda za a zaɓa su wakilci jiharmu. Ranar da na fara gwadawa, awa ɗaya da minti 50 na yi.

Darasi na ɗaya: ciki da ruwa

Wata Asabar cikin Afrilun 2024, bayan ƙaramar Salla, na fita ban karya kumallo ba, da 'yar gorar ruwa guda. Na isa gadar Wudil lafiya lau, na juyo. Rana ta take, zafin bazara ya sauko. Kafin in kai Mariri sai na ji ƙafafuna sun zama kamar ba nawa ba, idona yana ganin duhu-duhu, hannuna yana rawa. Na sauka na zauna gindin wata bishiya. Wata tsohuwa mai sayar da fura ce ta ga halin da nake ciki, ta dama mini, ta ce, "Sha, ɗan nan. Wa ya aike ka?" Ban sami amsar da zan ba ta ba.

Da na ba malaminmu na kimiyya labari, sai ya bayyana mini cewa jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kuma wannan ajiya takan ƙare bayan kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai tsanani. In ta ƙare, ƙarfin hali ba ya maganin kome. Haka kuma gumi yana fita da ruwa da gishiri tare. Tun daga ranar nake shan koko ko kunu da ƙosai kamar awa biyu kafin in fita, in zuba dabino a aljihu in riƙa ci a hanya, in ɗauki gora biyu. A ɗaya nakan haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake koya wa iyaye mata a asibiti: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ba na jira sai na ji ƙishirwa kafin in kurɓa. Da bazara kuwa, da an sallame sallar Asuba gari ya ɗan waye nake fita, in dawo kafin rana ta yi zafi.

Darasi na biyu: giya da gwiwa

Kuskurena na biyu ya fi na farko tsada. A tunanina a lokacin, jarumi shi ne mai taka giya mafi nauyi. Saboda haka kullum sarƙata tana kan babban faifai na gaba mai haƙora 52 da ƙaramin na baya mai haƙora 14, ina dannawa da ƙarfin tsiya. Ga shi kuma sirdina ya yi ƙasa, ban sani ba. Bugu da ƙari, na daina hutu. Kwana bakwai a mako nake hawa, wai don in cim ma burina da wuri. Cikin watan Mayu gwiwata ta dama ta fara ciwo ta gaba. Na ƙi kula ta. Bayan mako biyu ko ruku'u ba na iya yi sosai. A asibiti aka ce in ajiye keke mako shida.

A zaman jinyar nan ne malamin lissafi ya sa ni yin wani lissafi da ya buɗe mini ido, kuma ga shi domin ku ma ku gwada. In ka raba haƙoran faifan gaba da na baya, za ka san sau nawa tayar baya take juyawa in ka juya feda sau ɗaya. Kewayen tayar keken tsere kimanin mita 2.1 ne. To, 52 a raba da 14 ya ba da 3.7, watau kowane juyin feda yana kai ka mita 7.8. Amma saboda nauyinta, sau 60 kawai nake iya juya ta a minti, wanda ya kama kilomita 28 a awa. In kuwa na sauko giya mai haƙora 19 a baya, juyi ɗaya mita 5.7 ne, amma ina iya juyawa sau 90 a minti, wanda ya kama kusan kilomita 31 a awa. Ashe giya mai sauƙi ta fi kai ni da wuri, kuma ba ta cin gwiwa.

Game da sirdi kuwa, wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu ne ya nuna mini. Ya ce in hau, in ɗora dunduniyata a kan feda sa'ad da take can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sak, tsawon sirdi ya yi daidai. In gwiwa ta lanƙwashe, a ɗaga shi. Nawa sai da aka ɗaga shi kusan faɗin yatsu uku.

Darasi na uku: hutu da littafi

Ba gwiwa kaɗai gaggawata ta ci ba. Gajiya ta sa ina gyangyaɗi a aji, kuma da sakamakon zango na uku ya fito, na sauko daga na 7 zuwa na 23. Baba bai yi faɗa ba. Ya karɓi takardar ya karanta, ya tura keken ɗaki, ya sa kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Ya ce, "Alkawari kaya ne." Duk hutun ƙarshen shekara da rabin zangon da ya biyo baya, a ƙasa nake zuwa ko'ina. Sai da ya ga makin gwajin tsakiyar zango sa'an nan ya miƙo mini makullin.

Da na dawo, malamin wasanni ya tsara mini mako kamar haka. Talata da Alhamis, bayan La'asar, awa ɗaya: in yi gudu mai tsanani na minti 4, in sassauta na minti 4, sau biyar. Laraba, tafiya a hankali wadda zan iya magana a cikinta ba tare da haki ba. Asabar, doguwar tafiya. Litinin da Juma'a da Lahadi, hutu da karatu. Juma'a ma dai ranar kasuwar Wudil ce, hanya cike take da manyan motocin shanu. Ya ce kada in ƙara nisan mako da fiye da kashi ɗaya cikin goma na makon da ya wuce, domin a lokacin hutu ne tsoka take gyara kanta ta ƙara ƙarfi. Ya kuma sa ni in riƙa ƙirga bugun zuciyata na minti ɗaya kowace safiya kafin in tashi daga shimfiɗa, in rubuta a littafi. In na ga ya haura yadda ya saba da kamar bugu 10, ran nan ba hawa. Da azumi kuma nakan rage, in tsaya ga 'yar gajeriyar tafiya gab da shan ruwa.

Darasi na huɗu: iska

A Janairun 2025 aka shirya wa 'yan makarantun sakandare tseren gwaji, mu 19. Ana busa usur na yi gaba, ina jin daɗi kowa yana bayana. Iskar hunturu tana dukan ƙirjina, su kuwa sun jeru a bayana kamar jerin gwano, ba wanda ya yi yunƙurin wuce ni. Na ɗauka tsorona suke ji. Saura kilomita biyar a gama sai suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya suna wucewa, ni kuwa ba sauran kome a ƙafata. Na zo na 11, aka ɗauki shida na farko.

Abin da ban sani ba shi ne, a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya babban abokin gābar mai keke iska ce. In ka ninka gudunka sau biyu, turjiyar iska takan ninku sau huɗu. Wanda ya laɓe dab da bayan wani yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa. Shi ya sa masu tsere suke karɓa-karɓa: kowa ya ja gaba na ɗan lokaci, ya koma baya ya huta. Ni na yi musu dakon iska kyauta tun daga farko har ƙarshe. Yanzu mu huɗu muke fita ranar Asabar muna koyon wannan karɓa-karɓa, kuma ba mai hawa sai da hular kwano da birki mai ci.

Inda nake yanzu

Har yau ban kai ga burina ba. Mafi kyawun lokacin da na yi a kilomita 40 shi ne awa ɗaya da minti 24, saura minti huɗu ke nan. Bana kuma ina aji shida, jarrabawar fita tana gabana, saboda haka na rage hawa zuwa kwana uku a mako har sai an gama. Da a ce dā ne, da na ce wannan ci baya ne. Yanzu na gane sannu ba ta hana zuwa.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu sha'awar wannan wasa da su fara da keken da suke da shi, su nemi shawarar malamai, su riƙe littafin da za su riƙa rubuta nisa da lokaci, kuma su saurari jikinsu in ya yi ƙorafi. Iyayenmu kuma ina roƙonsu kada su ɗauki tseren keke shiririta. Su sa sharaɗi kamar yadda Baba ya sa mini, su kuma tsaya a kansa, amma su taimaka da hular kwano da abin karin kumallo. Direbobi kuwa, in kun hango mu a gefen titi, don Allah ku ba mu 'yar tazara.

Allah Ya kiyaye mu a hanya, Ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.