Ra'in Koyo ta Hanyar Lura: Waiwaye a Kan Yaran Arewacin Zamfara

Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford da ke Amurka, shi ne ya fi fito da ra'in da ke cewa mutum na iya koyon ɗabi'a ta hanyar kallon wani kawai. A gwajinsa na 1961, an sa wasu daga cikin yara 72 sun kalli babba yana dukan wata 'yartsana. Da aka bar su da ita, sai suka maimaita dukan, har da kalaman da suka ji. A littafinsa na 1977 ya bayyana matakai huɗu: mayar da hankali, riƙewa a ƙwaƙwalwa, iya aikatawa, da samun abin da zai zaburar.

Gwajin 1965 ne ya fi dacewa da wannan nazari. Yaran da suka ga an hukunta mai dukan sun rage kwaikwayo, amma da aka yi musu alƙawarin tukuici, sai suka yi dukan kamar sauran. Ke nan hukunci ya danne aikatawa ne kurum. Darasin na nan daram. Bahaushe ya hango rabin wannan tun tuni da ya ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To, me yaron ƙauyukan Shinkafi da Zurmi ke gani? Yana ganin ɗan bindiga bisa babur, yana aza wa manoma haraji kafin su girbe amfanin gonarsu, mahaifinsa kuma yana biya. Yana ganin bidiyon Bello Turji na yawo a wayoyi. Yaron da aka yi gudun hijira da shi zuwa Ƙaura Namoda ya tafi da hotunan nan a kansa. A ganina, ya kamata a sake auna sulhun da gwamnatin Bello Matawalle ta ƙulla da 'yan bindiga a 2019 da wannan ma'auni, domin ko da an yi shi da nufin ceton rayuka, mai kallo ɗan shekara goma ya ga an zauna da mai makami an saurare shi.

Sai dai ra'in yana da iyaka. 'Yartsana ba ta jin zafi, kuma ba a tilasta wa yaran Stanford ba. A dajin Zamfara akwai wanda aka sace aka ɗora wa bindiga, akwai kuma wanda ramuwar kisan dangi ko satar shanu ta kai shi. Mai nazari na buƙatar rarrabe waɗannan da wanda sha'awar abin da ya gani ta ja shi.