KARIYAR FUSKA DAGA RANA: JAWABI GA MUTANEN MANCHOK DA KEWAYE

Garin Manchok yana cikin Ƙaramar Hukumar Kaura ta Jihar Kaduna, a gindin duwatsun da ake hawa zuwa Jos, kan hanyar da ta taso daga Kafanchan ta bi ta Kagoro. Yawancin mutanen wannan ƙasa manoma ne, waɗansu 'yan kasuwa, waɗansu kuwa 'yan acaba, watau dai mutane ne masu yini cikin sarari. Saboda iskar duwatsu ba a jin ƙunar rana a nan kamar yadda ake ji a Sakkwato ko Maiduguri, don haka da yawa suna zaton ranar wurin ba ta da lahani. Wannan zato kuskure ne. Abin da ke ƙona fata dabam yake da zafin da jiki ke ji.

Cikin hasken rana akwai waɗansu haskoki da ido ba ya gani, masana suna kiransu UVA da UVB. Na biyun shi ne mai ƙona fata har ta yi ja ta saɓule. Na farkon yana ratsawa can ciki, ya sa fata ta tsufa da wuri, ya ƙara wa tabo baƙi. Dukansu biyu suna iya jawo ciwon daji na fata. Ƙarfinsu yana ƙaruwa da kamar kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000 da mutum ya hau tudu, kuma har kashi 80 cikin 100 yana iya ratsa gajimare marar kauri. A daidai Manchok rana takan tsaya tsakar ka sau biyu a shekara, wajen tsakiyar watan Afrilu da kuma ƙarshen Agusta. Na Agustan shi ne mai yaudara, gama lokacin damina ce sosai, gari a lumshe, manomi yana sunkuye a gona ba ya jin kome.

WAƊANDA ABIN YA FI SHAFA

Baƙar fata tana da kariyar da Allah ya yi mata, shi ya sa mafi yawan jama'a ba su ƙonewa da sauri. Amma akwai waɗanda wannan kariya ba ta ishe su ba.

Na farko su ne zabiyoyi. Zabiya mutum ne kamar kowa, sai dai jikinsa ba ya yin sinadarin da ke ba fata da gashi da ido launi. Gadon abin ake yi daga uwa da uba duka biyu, ba a ɗaukarsa ta cuɗanya, kuma ba alhakin kowa ba ne. Rana takan ƙona yaro zabiya cikin ɗan lokaci kaɗan, in kuwa aka bar shi haka shekara da shekaru sai fatar fuska da leɓe da kunne da ƙeya ta yi kaushi, ta fara fid da gyambon da ba ya warkewa. Ciwon daji na fata ya kashe zabiyoyi da yawa a Afirka tun suna da sauran ƙuruciya. Shi ya sa a shekarar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara domin faɗakarwa a kansu, a shekarar 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man kariyar rana cikin jerin magungunan da ta ce wajibi ne a tanada, musamman dominsu.

Na biyu su ne waɗanda suka ɓata fuskarsu da man bilicin. Wannan ya fi yawa ga mata, ko da yake akwai maza a ciki. Irin waɗannan mayuka sukan ƙunshi haidirokwinon, ko makuri, ko magungunan sitiroyid masu ƙarfi waɗanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Suna rage launin da ke kare fata, su sa ta yi sirara har jijiyoyi su bayyana. Da rana ta bugi irin wannan fuska sai kumatu su yi ja kamar an zuba ruwan zafi, daga baya su rine su yi baƙi ƙirin, baƙin da ke da wuyar fita. Mai wannan hali in ta sayi man kariyar rana alhali ba ta bar bilicin ba, ta yi asarar kuɗinta. Sai dai wadda ta daɗe tana shafa mai sitiroyid kada ta yanke shi rana ɗaya, domin fuskar takan tashi da ƙuraje da raɗaɗi. Ta ga likita ya nuna mata yadda za ta janye a hankali.

Sauran su ne masu kirci a fuska, da masu ƙurajen da ke barin baƙin tabo, da mata masu juna biyu da goshinsu da kumatunsu suka yi duhu, da masu shan waɗansu magunguna irin su doksisaikilin da ke sa fata ta kasa jure rana.

YADDA ZA A ZAƁA

Man kariyar rana iri biyu ne. Akwai wanda aka yi da sinadarai masu narkewa cikin mai, ba ya barin fari a fuska, amma waɗansu daga cikinsu sukan sa lallausar fata ƙaiƙayi, su sa ido yaji in gumi ya gangaro da su. Wanda aka fi kuka da shi ana rubuta sunansa oxybenzone a jikin kwalba. Akwai kuma wanda aka yi da farin garin tutiya ko na wani ma'adini ɗan'uwansa. A jikin kwalba za a ga an rubuta zinc oxide ko titanium dioxide. Wannan kusan a saman fata yake tsayawa, ba safai yake tada ƙaiƙayi ba, garin tutiyar ma shi ne ake sawa cikin man da ake shafa wa jarirai in gindinsu ya yi ja. Wanda fatarsa ba ta son wargi, wannan na biyun ya kamata ya nema.

Aibinsa ɗaya ne: a kan baƙar fata yakan bar fari-fari kamar an shafa toka, har mutum ya ji kunyar shiga kasuwa da shi. Maganin wannan shi ne a nemi wanda aka rina da launin ƙasa-ƙasa. Rinin nan na tsatsar ƙarfe ne, kuma yana da wani amfani, domin yana tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara wa tabon baƙar fata duhu.

Sa'an nan a dubi lambar da ke bayan haruffan SPF. Mai lamba 15 yana tare kamar kashi 93 cikin 100 na hasken UVB, mai 30 kashi 97, mai 50 kashi 98. Ga yawancin mutane 30 ya isa. Zabiya kuwa ya nemi 50 ko fiye. Lambar nan ba ta faɗin kome a kan UVA, saboda haka lalle ne a ga an rubuta UVA ɗin a jiki, ko kalmomin broad spectrum, watau yana tare duka biyun.

A guji mai turare. Ƙamshi yana daga cikin manyan abubuwan da ke tada fata, ko da an ce daga itatuwa aka samo shi. A guji mai barasa da yawa, wanda ake jin sanyinsa yana bushewa nan take, balle da hunturu lokacin da fuska ta riga ta yi fururu. A guji duk wanda aka ce yana kare rana kuma yana ƙara haske, gama sau da yawa bilicin ne ya sake riga. Mai kumburin ƙuraje ya nemi marar maiƙo, mai busasshiyar fata ya nemi mai kauri.

Tsada ba ita ce shaidar kyau ba. Abin dubawa shi ne lambar rajistar NAFDAC, hukumar da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1993 domin kula da abinci da magunguna da kayan shafe-shafe, da kuma ranar ƙarewar wa'adinsa. A saya a kantin magani mai rajista. Wanda aka shanya a kan tebur yana shan rana yini guda, ko aka ɗura a wata roba ba suna, a bar wa mai shi kayansa. In an kai gida a ajiye shi a inuwa.

GWAJI DA SHAFAWA

Kafin a kai sabon mai fuska, a shafa kaɗan a bayan kunne ko a cikin lanƙwasar hannu, safe da yamma, har kwana uku ko huɗu. In wurin ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko ƙananan ƙuraje, a wanke a bar shi, a riƙe kwalbar a nuna wa likita ko mai harhaɗa magani domin ya gane abin da jikin ya ƙi. In ba a ga kome ba, sai a ci gaba.

Mafi yawan mutane suna shafa abin da bai kai rabin yadda ake bukata ba, sa'an nan su ce man ba ya aiki. Fuska da wuya da kunnuwa suna bukatar kamar rabin ƙaramin cokalin shayi. A wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, a tsane ta ba tare da gurzawa ba, a shafa man minti 15 kafin a fita. A sake bayan kowace awa 2 muddin ana cikin rana, haka kuma in an yi gumi sosai ko an wanke fuska. Kada a manta da ƙeya da saman kunne da leɓen ƙasa. Ba a shafa shi a kan ɗanyen rauni ko fatar da ke tsattsafo da ruwa. Jaririn da bai kai wata 6 ba ba a shafa masa. Inuwa da tufa su ne nasa.

Man kaɗanya da basilin suna da kyau wajen tausasa fata da hunturu, ana iya shafa su da dare, amma ba su tare rana yadda za a dogara da su.

IN BA HALIN SAYE

Gaskiya ne wannan mai yana da tsada, kuma ba kowane kanti ke da shi ba. Wanda bai samu ba yana da malafa mai faɗin baki, wadda ke rufe fuska da kunne da ƙeya. Hular da ke da baki a gaba kaɗai ba ta isa ba. Yana da riga mai dogon hannu mai saƙa matsattsiya, da laima, da baƙin tabarau. Wanda ya samu man ma bai wuce waɗannan ba. Rana ta fi ƙarfi daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, kuma akwai ma'auni mai sauƙi: in inuwar mutum ta fi shi gajarta, lokacin neman gindin itace ya yi. Iyaye su tsara wa ɗansu zabiya aikin safe da na yamma, kada a tura shi kiwo ko talla da tsakar rana. Malaman makaranta su bar shi ya sa malafarsa da doguwar riga ko da sun saɓa wa kayan makaranta, su zaunar da shi a gaban aji saboda raunin idonsa, kada kuma a tsai da shi a fili lokacin taro ko horo.

Duk wanda ya ga wani wuri a fuskarsa ko leɓensa ko kunnensa ya yi kaushi kamar ɓawo, ko gyambo ya wuce mako 3 bai warke ba, ko tabo yana girma yana zub da jini, kada ya tsaya shafe-shafe ko ƙona wurin da magani. Ya tafi asibiti mafi kusa, ko babban asibitin gwamnati na Kafanchan, inda za a duba shi, in ta kama a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos wurin likitocin fata. Ciwon da aka kama yana ƙarami, da ɗan aiki kaɗan ake cire shi. Zabiya kuwa ya kamata a duba fatarsa duka aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara, ko da bai ga kome ba.