Amsoshin Tambayoyinku: Ɗaura Batir a Keke Mai Lantarki

Batirin keke mai lantarki, wanda wani mai sauraro daga Kasuwar Litinin a Maiduguri ya yi tambaya a kansa, yakan kai kilo 3. Mazauninsa tsakiyar firam, ƙasa-ƙasa, domin in aka ɗora shi a kariya tare da buhu, keken kan yi rawa a kwana. Ana zura shi cikin maƙalinsa har ya ce ƙas, a kulle, a girgiza a ji. Ɗaurin roba ba ya riƙe shi a gargada. Zafin Afrilu kan wuce digiri 40, don haka ajiyarsa sai inuwa. Wanda ya kumbura ba a cajinsa, balle a kwana da shi jone cikin shago, a kasuwar da gobara ta ci a Fabrairun 2023.