Idan tsohuwar jita ta yi tumbi

Wani mai karatu ya rubuto mini daga Zariya. Ya gaji jitar kawunsa, irin ta katako wadda ba a jona ta da lantarki, ta yi shekara talatin ko fiye. Fuskarta ta kumbura a bayan inda tsirkiyoyi ke ɗaure, tsirkiyoyin kuma sun yi nisa da wuya, har yatsunsa kan yi tsami kafin ya gama kiɗa ɗaya. Abokinsa ya ce ya shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, ya bi da dutsen guga, sannan ya ɗora bulo ya kwana. Yana tambaya ko ya yi.

Ɗan'uwa, kada ka yi. Ni na taɓa yi da jitata ta farko, wadda na saya a gwanjo. Fentin ya yi bororo kamar fatar da tafasasshen ruwa ya zuba wa, gam ɗin ciki ya saki, da na mayar da tsirkiya bayan kwana biyu sai tumbin ya dawo ya fi na da. Garin neman gira na rasa ido. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, tumbi alama ce kawai. Sai ka gano abin da ya haife shi kafin ka taɓa komai.

Abin da ke faruwa a ciki

Fuskar jita falle ne na katako mara nauyi, kaurinsa bai wuce milimita 3 ba. A kansa aka manne guntun katakon da tsirkiyoyi ke ɗaure, wanda zan kira jaki, kamar yadda masu goge da garaya ke kiran nasu. Tsirkiyoyin ƙarfe shida, irin waɗanda ake rubuta lamba 12 a fakitinsu, suna jan jakin nan da ƙarfin kusan kilo 70, dare da rana. Buhun siminti ma kilo 50 ne. Jan yana karkato jakin gaba, sai bayansa ya ɗaga, gabansa kuma, wajen ramin sauti, ya lotsa.

Abin da ke hana fuskar yagewa shi ne siraran sandunan da aka manne mata ta ciki, wato haƙarƙarinta. A jita mai tsirkiyar ƙarfe, manyan biyu sun gitta juna kamar harafin X, tsarin da kamfanin Martin na Amurka ya shahara da shi tun wajen shekarun 1840. Jitar Sifaniyawa mai tsirkiyar roba kuwa, haƙarƙarinta sirara ne a baje kamar mafici, an yi su don jan da bai wuce kilo 40 ba. Saboda haka fara duba wannan: in jitar kawunka irin ta roba ce, mai faɗin wuya, wani ya ɗaura mata ƙarfe, to ka gano ɓarawon. Kwance su yau ɗin nan.

Auna kafin ka yanke hukunci

Samo doguwar rular ƙarfe. Kwantar da gefenta a gicciye a kan fuskar, daf da bayan jaki, ka duba tazarar da ta rage a kowane gefe. Ka sani cewa tun daga masana'anta ba a yin fuskar a miƙe sak, ana ba ta ɗan doro don ƙarfi. Tazarar milimita 2 ko 3 a kowane ɓangare ba abin tashin hankali ba ce. In ta kai 5 ko 6, jaki kuma ya sunkuya gaba ƙarara, ko ka ga katakon ya yi ƙunci a kusurwoyinsa, akwai aiki.

Sai awo na biyu, wanda da yawa ke tsallakewa. Ɗora rular a tsawon wuya, bisa ƙarafunan da ake danna tsirkiya a kansu, ka zura ta har ta isa jaki. A lafiyayyar jita bakin rular yakan sauka daidai saman jakin. In ya tunkuyi ƙirjinsa can ƙasa alhali tumbin kaɗan ne, to wuyan ne ya sunkuyo, kuma ko ka daidaita fuska tsirkiya ba za ta sauko ba. Wannan aikin gwani ne, sai an cire wuyan an sake zaunar da shi. Kada kuma ka yi ta murɗa ƙarfen da ke cikin wuya da fatan tumbi zai koma. Aikinsa miƙar da wuya, babu ruwansa da fuska.

Rubuta awon biyu a takarda, da kwanan wata.

Tambayi yanayi tukuna

Kwanan watan yana da dalili. Masu ƙera jita sukan haɗa ta a ɗakin da danshin iskarsa ke tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Mu kuwa a watan Agusta danshi kan haura 70, da hunturu kuma ya faɗo ƙasa da 20. Katako yana shan wannan kamar soso. Da damina fuska kan kumbura, tsirkiya ta yi sama. Da hunturu takan lotsa, tsirkiya ta riƙa zuza, bakin ƙarafunan wuya su fito suna karce yatsa, wani lokaci ma fuskar ta tsage.

In a tsakiyar damina ka ga tumbin, sassauta tsirkiyoyi, saka jitar a akwatinta tare da ƙananan ƙunshin tsotse danshi, irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, ka rufe mako biyu, ka sake aunawa. Sau da yawa rabin ciwon ya tafi ke nan, ba ka kashe ko sisi ba. In kuma da hunturu za ka yi gyara, sai ka fara shayar da ita: jiƙa soso, matse shi sosai har ya daina ɗiga, sa shi a gidan sabulun da ka huda, ka ajiye cikin akwatin na mako ɗaya ko biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Busasshe karyewa yake yi.

Leƙa ciki

Cire tsirkiyoyi duka. Kunna fitilar wayarka, zura ta cikin ramin sauti, ka ɗauki hoton ƙasan fuskar ta kowane ɓangare. Abu uku kake nema.

Na farko, haƙarƙarin da ya ɓalle. Ƙwanƙwasa fuskar a hankali da gaɓar yatsa, kana zagayawa. Inda komai ke manne za ka ji amo a dunƙule, inda ya saki kuwa sai ka ji kamar fasasshiyar ƙwarya. Tabbatar da ɗan yankin takarda: in ya shige tsakanin sanda da fuska, gam ya mutu a wurin. Na biyu, jakin kansa. Gwada tura kusurwar takarda a ƙarƙashin bayansa. Na uku, ɗan allon da ke manne ta ciki daidai ƙarƙashin jaki, inda ƙullin tsirkiyoyi ke maƙalewa. Shekaru kan sa ƙullin ya ci ramukan, ko allon ya tsage a layinsu.

Abin da za ka iya da kanka

Manne haƙarƙari aiki ne da mai haƙuri zai iya. Yanki siririn sanfefa, zura shi cikin tsagar, ka ja shi a hankali don kankare tsohon gam, domin sabo ba ya kama tsoho. Yanko ƙaramar sanda daidai tsayin da zai tokare haƙarƙarin daga ciki, ƙafarta ta zauna kan sandar bayan jita. Ta waje kuma ɗora shafaffen katako da tsumma a ƙarƙashinsa, ka tanadi abin matsewa irin na kafintoci. Gwada komai sau biyu babu gam, har hannunka ya haddace hanya, domin aikin na lalube ne. Sannan tura gam na katako da sirinji ko bakin siririyar wuƙa, tokare, matse daidai gwargwado, goge abin da ya tsatso da ɗanyen tsumma. Bar shi awa 24, gara ma kwana biyu, kafin ka ɗaura tsirkiya. Guji gam ɗin nan mai kamawa nan take, da mai kwalba biyu da ake cakuɗawa. Wanda zai gyara jitar bayanka ba zai iya kwance su ba sai ya yi ɓarna.

Jakin da ya ɗaga kuwa, kada ka ɗura masa gam ta tsaga ka danne. Cire shi ake yi da ɗumi da siririn ƙarfe, a kankare fuskokin biyu, a sake mannewa. A lokacin ne ma gwanaye ke daidaita tumbi: sukan ɗumama faranta biyu na alminiyam, ɗaya ciki ɗaya waje, su matse wurin da aka ɗan jiƙa, su bar shi kwanaki. Zafi ne mai awo, a kan katako tsirara inda jaki ya tashi, shi ya bambanta shi da dutsen gugar abokinka. In jitar na da daraja a wurinka, kai ta ga wanda ya saba.

Ga jita mai araha akwai wata na'ura da ake kira JLD Bridge Doctor. Guntun katako ne da ake ɗaurewa ƙarƙashin jaki, da sanda mai tokare gindin jitar ta ciki, tana mayar da jakin baya sannu a hankali. Tana aiki, amma takan sauya amo, kuma irin da aka fi sani sai an huda jaki. Ni ba zan sa wa jitar gado ba sai in sauran hanyoyi sun ƙare.

Bayan gyara

Koma tsirkiya lamba 10 ko 11, ka rage mata kaya. In har yanzu suna da nisa, rage tsayin farin ƙashin da ke kan jaki ta hanyar goga ƙasansa a sanfefa. Duk milimita 2 da ka cire a nan, tsirkiya za ta sauko milimita 1 a ƙarfe na 12 na wuya, inda ake son tazarar tsirkiyar da ta fi kauri ta tsaya wajen milimita 2.5. Kada ka bar jitar a mota da rana ko jingine da bangon da rana ke duka, domin zafin rufaffiyar mota a watan Afrilu ya isa ya sassauta gam.

In ka yi duk wannan, ta daina cin yatsa, amonta ya dawo, amma ɗan tumbin na nan, ƙyale shi. Jitar da ta ɗauki kilo 70 shekara talatin ba za ta koma budurwa ba. Ninke takardar awon nan ka jefa cikin akwatin. In hunturu ya kama ka sake ɗora rula, damina ma haka. Muddin lambobin suna kai da komo a wuri ɗaya, ci gaba da kiɗanka.