Filin Manoma: Gyaran Tsohon Injin Yankan Itace

Jama'a, ga kaka ta yi, masara ta shiga buhu, motoci sai jigila su ke yi daga kasuwar Ɗandume zuwa Funtuwa da gaba. In an gama da hatsi kuma sai aikin itace ya taso: a yanka wanda iska ta kayar da damina, a datsa kututture a gona, a fitar da katakon rufin ɗaki. A wannan lokaci ne mai injin yankan itace ya kan jawo shi daga ƙarƙashin gado, ya ja igiya har kafaɗa ta gaji, inji ya ƙi tashi. To, a wannan mako za mu yi magana a kan gyaran irin wannan inji.

Tsohon injin da aka fi sani a ƙasar nan shi ne Stihl 070. Wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya kafa kamfanin a birnin Stuttgart cikin 1926, samfurin 070 kuwa ya fito cikin 1968. Inji ne mai nauyi, mai jure wahala, ba shi da tarkace da yawa, saboda haka ne ya ke gyaruwa ko ya tsufa. Yanzu kuma akwai na kwaikwayo da a ke kawowa daga Sin, masu kama da shi ƙwarai.

Abin da ya kamata kowa ya fara ganewa shi ne, wannan inji ba shi da wurin zuba baƙin mai dabam kamar mota ko injin ban ruwa. Man da ke jiƙa fistin da boris a cikin fetur a ke gauraya shi. Fetur da iska su kan shiga ta kafireto, su sauka cikin tukunyar inji, sa'an nan su hau silinda su ƙone. Lalle ne tukunyar nan ta zama a rufe ruf. Abubuwan da ke rufe ta su ne gaskit, watau takardar nan mai kauri da a ke sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe, da kuma oyil-sil guda biyu, watau zoben roba da ke gefe da gefen karanshaf. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In gaskit ya yage ko roba ta bushe, iska ta kan saci hanya ta shiga, fetur ya yi kaɗan, mai ya yi kaɗan, inji ya yi zafi, fistin ya karce silinda. Takardar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ita ce ta kan jawo wa mutum sayen fistin da silinda gaba ɗaya.

Alamun wannan ciwo ba su da wuyar ganewa. Inji ya kan yi ta ƙugi shi kaɗai ba a matsa masa wuta ba, sarƙa tana juyawa. In an karkata shi gefe ɗaya sai muryarsa ta canza ko ya mutu. In an kwance fulogi a ga bakinsa fari fat maimakon ruwan ƙasa. Wanda ya ga haka ya kashe inji nan take, kada ya ce bari in ƙarasa wannan gungume.

Sai batun neman kaya. A fara da Funtuwa. In ba a samu ba, a nemi Sabon Garin Zariya, ko Panteka a Kaduna, ko Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano. Kada ka tafi da baki kawai, ka tafi da tsohon abin a aljihu a gwada a gabanka. Lambar kayan wannan dangin inji da 1106 ta ke farawa. A lura kuma, 070 yana da wa mai suna 090, kamarsu ɗaya, amma faɗin fistin 070 milimita 58 ne, na 090 kuwa 66. Ƙarfe na hannu da aka cire daga matacen inji na asali, kamar silinda ko murfi, sau da yawa ya fi sabo na kwaikwayo. Amma gaskit da oyil-sil da robar kafireto ba a sayensu na hannu. Araha ba ta ado.

Ga yadda a ke aikin:

Na farko, a wanke inji tas kafin a kwance shi. A shimfiɗa buhu mai tsabta, duk abin da aka cire a jera shi bi da bi, musamman siraran robobin kafireto, domin in aka sa na sama a ƙasa fetur ba zai hau ba.

Na biyu, in an cire silinda a cusa tsumma mai tsabta a bakin tukunya don kada yashi ya faɗa. A kankare tsohon gaskit da tsinken itace ko roba mai tauri. Wanda ya kankare da sukuddireba ya kan bar tsagi a ƙarfe, iska kuwa ta nan za ta bi. A goge wurin da fetur, a bari ya bushe.

Na uku, in ba a sami gaskit yankakke ba, a sayi takardar gaskit mai kauri daidai da tsohon, a ɗora ta a kan ƙarfen, a zana, a yanka, a huda ramuka duka. Kwalin sukari ko na sabulu ba ya jure fetur da zafi. Kauri kuma yana da muhimmanci a gindin silinda: in ya yi siriri fistin na iya dukan sama, in ya yi kauri ƙarfin inji ya ragu.

Na huɗu, batun gam. In fuskar ƙarfe sumul ta ke, sabon gaskit ya isa. In akwai ɗan karce, a shafa gam mai jure fetur, shafa kaɗan kamar ta man fuska. Irin gam ɗin da a ke liƙe gilashin taga fetur ya kan lalata shi. Gaskit na kafireto kuwa ba a sa masa gam ko kaɗan, domin a kan sami wani ɗan rami a jikinsa wanda ta nan ne inji ke jawo fetur, in ya toshe an yi gyaran gangar Auzinawa.

Na biyar, a shafa wa bakin oyil-sil giris, a shigar da shi a miƙe, gefen da ke da waya yana duban ciki. Kibiyar da ke kan fistin ta dubi salansa. A ɗaure notuna kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sa'an nan wadda ke daura da ita, har su yi daidai.

Kafin a mai da kuloci da fanka, a gwada aikin. A toshe bakin kafireto da na salansa da guntun tsohon tib, a hura iska kaɗan ta ramin fulogi, kada ta wuce fam 7 a ma'auni, a zuba ruwan sabulu a kan kowace mahaɗa. Inda kumfa ya taso, nan ne ɓarawon ya ke. Makanikin da ya ce wannan ɓata lokaci ne, ka ɗauki injinka ka yi gaba.

In inji ya tashi, a kula da abincinsa. Man gauraye na musamman a ke sawa, ba baƙin man da aka juye daga mota ba. A lita 5 ta fetur, in man mai kyau ne na kamfani, mililita 100 ya isa. Tsohon ma'auni na irin man da ya samu kuwa mililita 200 ne. A kuma tuna tsohon 070 ba shi da birkin sarƙa, a riƙe shi da hannu biyu, a kori yara daga wurin.

Daga ƙarshe, inji mai lafiya cikin sa'a guda ya kan kayar da ɗorawar da kakanka ya bari. Kaɗanya da ɗorawa da tsamiya da gawo dukiyar gona ce. A nemi izinin ma'aikatan gandun daji kafin a sare ɗanye, wanda ya sare ɗaya kuma ya dasa biyu. Allah ya ba mu rani mai albarka, amin.