Kumburin Cikin Tsoka: Kada Ku Jira Ya Nuna

Jama'ar Kankiya da Kusada, ku saurara. Akwai wani ciwo mai kama da maruru, amma ya fi shi mugunta, domin can cikin tsoka yake kama mutum. Ya fi son cinya, da ɗuwawu, da sha-raɓa, kuma yara da samari ya fi kamawa.

Mene ne ke kawo shi?

Waɗansu ƙwayoyin cuta ne ƙanana, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Su ne dai ke kawo maruru a fata. Sukan bi jini su sauka inda tsoka ta ƙuje, kamar wurin shurin jaki, ko faɗuwar kokawa. Mai ƙarancin abinci da mai ciwon sukari sun fi saurin kamuwa.

Yadda yake tafiya

Da fari wurin yakan yi ciwo, ya yi tauri kamar itace, ga zazzaɓi kaɗan da ɗingishi. Bisa fata kuwa ba a ganin kome. A wannan lokaci magani kaɗai yakan isa.

Bayan kamar mako 2 ko 3, sai ƙwayoyin su narkar da naman, ya zama mugunya. To, yanzu sai likita ya tsaga ya fitar da ita. Naman da ya lalace da yawa tabo yakan maye gurbinsa, tabo kuwa ba ya miƙewa kamar tsoka. In an ƙara sakaci, cutar ta bazu cikin jini, tana iya kisa.

Abin da za ka yi, maigida

1. In cinyar yaronka ta yi tauri, ga zazzaɓi, kai shi asibiti mafi kusa ran nan. In aikin ya fi ƙarfinsu, za su tura ku Babban Asibitin Kankiya.
2. Kada ka kira wanzami ya yi ƙaho ko sakiya. Mugunyar tana da zurfi, ƙarfensa kuwa sai ya ƙara wata cutar.
3. Kada ka yarda wanda ba ma'aikacin asibiti ba ya yi masa allura.
4. A shanye maganin duka, ko da ciwon ya lafa.
5. Uwargida ta riƙa wanke kowane rauni da ƙurji da sabulu, ta ba yara wake, da gyaɗa, da nono.

Kuɗin mota na yini guda ya fi sauƙi bisa ga damina guda a kwance. Allah ya ba mu lafiya, amin.