Darasi: Tarar Jinkirin Lanho a Jihar New York

Ku sani, ya ku ƴan'uwa, da yawa daga ƴaƴanmu mazauna Amurka masu sana'ar kansu ne, kamar tuƙin taksi da kasuwanci. Mai albashi ana cire masa lanho tun kuɗi ba su shiga hannunsa ba. Mai sana'ar kansa kuwa, shi ke ƙiyasta lanhonsa, ya biya gwamnatin tarayya, ya kuma biya jiha.

A jihar New York, wanda ya ga lanhon jiha da zai hau kansa zai kai dala 300, wajibi ne ya biya shi kashi huɗu: 15 ga Afrilu, 15 ga Yuni, 15 ga Satumba, da 15 ga Janairun shekara mai zuwa. Wanda ya tauye wani kashi, tara ta hau kansa ko da ya cika daga baya, domin ana lissafa ta kamar kuɗin ruwa, gwargwadon giɓin da tsawon jinkirin.

Mafita biyu ce: ya biya kashi 90 cikin 100 na lanhon bana, ko daidai da na bara gaba ɗaya, in abin da ya samu bara ya wuce dala 150,000, sai kashi 110. Misali, wanda lanhonsa na bara dala 2,000 ne, ya biya 500 kowane lokaci.

Saboda haka, iyaye, kada ku matsa wa ɗanku da neman aike a waɗannan kwanaki, har ku jefa shi cikin tara. Allah Ya sa mu dace, amin.